Wa ya ce kwamfutar haɗi tarkace ce?

Ƴan uwana ɗalibai, wata magana ta ishe ni: wai sai kwamfuta sabuwa fil daga kwali ta cancanci aikin ilimi, ta haɗi kuwa tarkace ce. Ƙarya ce, kuma mu talakawa take cuta.

A 1999 kamfanin Abit na Taiwan ya fitar da allon BP6, mai gurbin ƙwaƙwalwa biyu. Intel ya ƙera Celeron ne don masu ƙaramin ƙarfi, bai so a haɗa biyu ba. Mai son haka ya je ya sayi Pentium mai tsada. Matasa suka ƙi ji. Suka dasa Celeron 366 guda biyu, suka ɗaga gudun allon daga 66 zuwa 100, kowace ta kai megahaz 550. Ashe katangar ta ƴan kasuwa ce!

Yau ma ƙofar a buɗe take. Tsofaffin Xeon da manyan kamfanoni suka sauke ana sayar da su gwanjo, alluna masu gurbi biyu na zuwa daga Sin. E5-2670 ɗaya na da cibiya 8, biyu 16 ke nan. Linux kyauta ne, haka Praat da ELAN na nazarin murya. Ni mai karatun harsuna, damuwata tsofaffin Kelle: Barebarcin bakinsu, tatsuniyoyinsu, tarihin Kutus da suka riƙe a ka. Kowace damina wasu na kwanta dama, mu kuwa muna jiran sabuwar na'ura.

Za ku ce: to zafi fa? Wuta fa? Kun yi tambaya. Kowace ƙwaƙwalwar na iya jan wat 115, biyu 230, ban da sauran kaya. A Afrilu da Mayu zafi kan wuce digiri 40, ƙurar hunturu kuma na toshe fanka. Saboda haka wanda ya kwaikwayi Bature ya zaburar da na'ura ido rufe, gasa ta zai yi. A nan sanyi ya fi gudu daraja: babbar fanka, hure ƙura kowane mako, lissafin farantin rana da batir tun kafin a sayi kusa ɗaya.

Wannan aikin lissafi ne, kuma lissafi muke karantawa. Mu yi adashe, mu haɗa guda ɗaya ta ƙungiya kafin hutu. Mai raina ta ya kawo tasa.