Waiwaye: Labarin Los Angeles da idanun ƙasar Arewa

A watan Janairun 2012 labarai biyu suka cika duniya a cikin mako guda. Ranar 18 ga wata shafin Wikipedia na Turanci ya rufe kansa yini ɗaya cur, don adawa da dokoki biyu, SOPA da PIPA, waɗanda majalisar Amurka ke shirin kafawa a kan satar fina-finai da waƙoƙi ta intanet. Bayan kwana biyu aka jingine dokokin, kuma har yau ba su sake tashi ba. Ranar 23 ga wata kuma, mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon wani aikin ido da aka yi wa mata biyu a Los Angeles, inda aka dasa musu ƙwayoyin da aka reno daga ƙwayoyin tushe. Jaridu suka ɗauka, wasu har da cewa makanta ta kusa zama tarihi.

A nan Nijar, a Dogon Dutsi da Tibiri, wadda a lokacin ba ta daɗe da zama gunduma mai cin gashin kanta ba, hankalin mutane yana wani wuri. Daminar 2011 ba ta yi kyau ba, zancen da ke bakin kowa shi ne kuɗin tiyar hatsi da wa zai tafi cirani. Amma labarin idon ya iso mu daga baya, ta hanyar da ba a zata ba, shi ya sa ya kamata a waiwaye shi.

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun zaɓi aikinsu ba: ana iya juya su su zama na fata, ko na jini, ko na ido. Masu binciken da ke aiki tare da Dakta Steven Schwartz na jami'ar UCLA suka juya su suka zama irin ƙwayoyin da ke ciyar da shimfiɗar bayan ido, wurin da hoto ke sauka. Aka zuba kimanin dubu 50 a ido ɗaya na kowace mace. Ɗaya tana da ciwon Stargardt, wanda ake gado, ɗayar kuma lalacewar tsakiyar gani ce irin ta tsufa. Bayan wata huɗu, mai ciwon gadon, wadda da gilmawar hannu kawai take gani, ta iya karanta haruffa biyar a allon gwaji. Iyakar abin ke nan. Masu binciken kansu sun faɗa cewa abin da suke son sani shi ne ko dashen yana da lahani, ba su ce sun warkar da kowa ba.

Aikin bai tsaya nan ba. A Satumbar 2014, a birnin Kobe na Japan, Dakta Masayo Takahashi da abokan aikinta suka dasa wa wata tsohuwa ƙwayoyin da aka reno daga fatarta. Ganinta bai ƙaru ba, bai kuma ragu ba, kuɗin aikin kuwa an kiyasta ya kusa dala miliyan ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta amince da Holoclar, maganin da likitocin Modena a Italiya suka haɗa don gyara gilashin gaban idon da wuta ko sinadari ya ƙona. Wannan magani ne na gaskiya, amma na ciwo guda ne ƙayyadajje. Na bayan ido kuwa, wanda aka yi wa shela a 2012, har yanzu yana matakin gwaji.

Masu neman kuɗi ba su jira gwaji ba. A 2015 wasu mata uku, masu shekaru tsakanin 72 da 88, suka biya dala 5,000 kowacce a wani ɗakin magani da ke jihar Florida. Aka tsotsi kitse daga cikinsu, aka ce an tace ƙwayoyin tushe, aka yi musu allura a ido biyun rana ɗaya. Dukkansu sun shiga da ganin da suke lallaɓawa da shi, ɗaya ta makance ɗungum, sauran biyun abin da ya rage musu kaɗan ne. Mujallar New England Journal of Medicine ce ta fallasa lamarin a 2017. Wannan a Amurka ke nan, ƙasar da ke da hukumar magunguna mai haƙora.

Mu abin da ya iso mana gari ne a cikin leda. Ana tallarsa da sunan "sitem sel", wai an ciro shi daga tuffa ko inabi, wai yana maganin yanar ido da hawan jini da ciwon suga da rashin haihuwa duk a lokaci guda, kuma wanda ya kawo masu saye yana da lada. Tallar tana yawo a WhatsApp, tana kuma shiga katin waya tare da fina-finan Kano da waƙoƙin da masu turi ke zuba wa mutane a bakin tasha. Amurkawa sun yi ta gardama a kan wa ke da fim da wa ya sace shi, kuma ƴan fim na Kano sun san ɗacin wannan satar fiye da kowa, don ita ta kashe musu kasuwar faifai. Amma a ganina satar da ta fi yi mana illa ita ce ta sunan binciken likitoci, a liƙa shi a kan leda, a sayar wa tsohon da ɗansa ya aiko masa da kuɗi daga Legas ko Kwatano. Ƙwayar tuffa idan ta shiga ciki narkewa take kamar kowane abinci. Babu hanyar da za ta bi ta koma ƙwayar idon mutum.

To, me ke makantar da mutane a Matankari da Dumega da Kore Mai Ruwa? Galibi ba irin ciwon matan Los Angeles ba ne. Babban binciken makanta da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, wanda ya haɗa da maƙwabtanmu na Kebbi da Sakkwato, ya nuna cewa kashi 84 cikin ɗari na makantar ana iya kauce mata ko a warkar da ita, kuma yanar ido kaɗai ta ɗauki kashi 43. Iyaka ba ta raba mu da su a yare ba, ba na jin ta raba mu a ciwo.

Binciken ya gano wani abu da duk ɗan karkara ya sani. Fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda yana, ba likita ne ya taɓa su ba, masu buɗe ido na gargajiya ne. Suna soka tsinke su tura madubin idon da ya yi fari ya faɗa ciki. Nan take haske ya shigo, tsoho ya ga inuwar jikokinsa, a yi kabbara, a biya. Kafin kumburi ya taso ko ruwan ido ya hau, mai aikin ya wuce kasuwar gaba. Mafi yawan waɗannan idanu a makance aka same su. Ban ga laifin tsohon ba. Mai tsinke ya zo har ƙofar gida, likita kuwa sai an nemi kuɗin mota na mutum biyu, da wanda zai bar gona ya yi jagora, da wurin kwana a Doso ko Yamai ko Galmi.

Tarihin aikin yana shi ne ya fi koya mini yadda magani ke tafiya daga inda aka ƙirƙiro shi zuwa inda ake bukatarsa. Likitan Ingila Harold Ridley, wanda ya yi aikin soja a Ghana ta yau lokacin yaƙin duniya na biyu har ya yi nazarin makantar bakin kogi a can, shi ya fara sa madubin roba a idon mutum a Landan a 1949. Abokan sana'arsa sun daɗe suna ƙin abin. Da aka karɓe shi kuma, tsada ta hana shi sauka ƙasashen talakawa. Sai a 1992 asibitin Aravind na Madurai a Indiya ya kafa masana'antarsa, Aurolab, sannan gidauniyar Fred Hollows ta buɗe nata a Eritiriya da Nepal, farashin madubin ya faɗo zuwa ƴan daloli. Shekara arba'in da ɗoriya ke nan tsakanin ƙirƙira da isowa. Ƙwayoyin tushe ma, in sun tabbata, haka za su zo: a hankali, ta hannun likita, bayan wani ya karya farashinsu. Wanda ya ce ya riga ya kawo su a jakarsa, ya sha gaban Kobe da Los Angeles ke nan.

Sai amodari. A ƙarshen shekarun 1990, binciken ƙasa ya sami ciwon a idon fiye da yaro ɗaya cikin uku a Nijar, ya fi tsanani a Damagaram da Maraɗi da Difa. Ƙuda da hannu da zanen goyo ke yaɗa shi, in ya yi ta maimaituwa sai fatar ido ta tattare, gashin ya juya ciki yana kartar ido har ya dushe. Mata sun fi shan wahalarsa saboda su ke tare da yara. Abin da aka yaƙe shi da shi babu mamaki a ciki: wanke fuska, gina masai, ƙaramin aikin fatar ido da ma'aikacin jinya da aka horar ke yi cikin mintoci, da maganin azitromisin da kamfanin Pfizer ke bayarwa kyauta.

Wannan maganin ne ya kawo abin da ya fi ba ni mamaki, kuma a jiharmu ta Doso aka tabbatar da shi. Likitocin ido da ke raba shi a Habasha sun lura cewa yara sun rage mutuwa a ƙauyukan da aka raba. Aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a Nijar da Malawi da Tanzaniya, na Nijar a gundumomin Boboye da Loga. Sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta ragu da kashi 18 cikin ɗari a Nijar, da shan magani sau biyu a shekara. Gwaji na biyu, AVENIR, a jihohin Doso da Tawa, ya sami ragin kashi 14 a 2024. Akwai fargabar ƙwayoyin cuta su saba da maganin, kuma fargaba ce mai tushe. Duk da haka, ban ji an tura wannan labarin a katin waya ba. Haka ma na Janairun 2025, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijar ƙasar farko a Afirka da ta kawar da makantar bakin kogi.

Akwai ciwo ɗaya da ba ya cikin wannan lissafi mai daɗi, hawan jinin ido. Ba ya ciwo da fari, yana cin gani daga gefe, kuma abin da ya ci ba ya dawowa, ko da tiyata ko da ƙwayoyin tushe. Masu shi ne ƴan tallar leda suka fi samu, domin likita ya riga ya gaya musu gaskiyar da ba su so ji ba. Abin da ake iya yi shi ne a tsayar da shi da wuri, da maganin ɗigawa na kullum ko aiki, kuma ba a gane shi sai an auna idon. Duk wanda ya haura arba'in, musamman in akwai wanda ya makance a danginsu ba tare da idonsa ya yi fari ba, ya nemi a yi masa wannan awon idan masu duba ido sun sauka Dogon Dutsi, ko idan wata hidima ta kai shi Doso ko Yamai.