Tsakanin Mataccen Dutse da Mai Barci



Ya 'yan uwana matasa, akwai wani fannin ilimi da muka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma a ganina wannan sakaci asara ce gare mu a duniya da addini. Fannin shi ne sanin tarihin ƙasar da muke takawa, musamman tarihin duwatsu masu aman wuta. Da yawanmu idan aka ambaci irin waɗannan duwatsu, sai hankalinmu ya tafi Indonesiya ko Italiya ko Japan. Alhali kuwa a nan Arewa akwai ɗimbin duwatsun da suka taɓa aman wuta suka lafa, muna noma a gefensu, muna shan ruwan da ke ɓuɓɓugowa daga gindinsu. Sanin wanne ne ya mutu, wanne ne yake barci kawai, lamari ne da ya shafi rayuka, saboda haka bai kamata al'umma ta rasa masana a kansa ba.

Bari mu fara daga gida. Duk wanda ya tashi daga nan Kamazou ya bi hanyar Kachia zai ga manyan duwatsu masu sulɓi a wajen Kujama da Kajuru, irin dai dutsen Kufena na Zariya. Waɗannan ba su taɓa aman wuta ba. Narkakken dutse ne da ya sandare can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, sannan ruwa da iska suka yi ta zaizaye abin da ya rufe shi har ya bayyana. Mai gida a gindin irinsu ya kwana da kwanciyar hankali ta wannan fuska.

Amma a cikin jiharmu ta Kaduna akwai wasu duwatsun masu wani tarihi dabam. Tsaunukan Kagoro da na Kudaru, da na Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano, da mafi yawan na Jos, duk dangi ɗaya ne. Masana sun tabbatar da cewa da yawansu saiwoyi ne na wasu manya-manyan duwatsu masu aman wuta da suka rayu tsakanin shekara miliyan 210 zuwa miliyan 140 da suka shuɗe. Samansu ya zaizaye ya tafi, gindin ne ya rage, shi ya sa a taswira za ka ga wasunsu sun yi zobe. Jerin nasu ya miƙe daga tsaunukan Azbin a Nijar har zuwa Afu a jihar Nasarawa, kuma na arewa sun girmi na kudu. Kuzar da ta gina garin Jos, ta ja kakanninmu zuwa Bukur da Barikin Ladi neman abinci, daga cikin waɗannan duwatsu ta fito. Waɗannan su ne matattu na haƙiƙa, domin wutar da ke ciyar da su ta daɗe da mutuwa.

Sai kuma na baya-bayan nan, waɗanda har yanzu siffarsu ba ta ɓace ba. A ƙasar Mangu ta jihar Filato, wajen Panyam da Kerang, akwai jerin tuddai masu kama da tulin hatsi, kowanne da rami a ƙoƙon kansa, kuma ramin Pidong ya cika da ruwa ya zama tafki. Ruwan Swan na roba daga maɓuɓɓugar Kerang ake ɗurarsa. Haka nan a tudun Biu na jihar Borno akwai gomman irin waɗannan tuddai, kuma tafkin Tila bakin ɗaya daga cikinsu ne. Ko a yankin Kafanchan akwai shimfiɗar baƙin dutsen da ya taɓa malala kamar kunu kafin ya daskare. Babu labarin ko ɗayansu ya yi aman wuta a rubutaccen tarihi, sai dai idan aka auna da shekarun duniya, 'yan jiya-jiya ne.

Masana da dama suna ɗaukar tudun Biu a matsayin reshe na wani dogon layi na duwatsu masu aman wuta, mai tsawon kimanin kilomita 1,600, wanda ya ratsa Kamaru ya faɗa Tekun Atlantika. A cikin teku, layin ya ɗago kai a matsayin tsibirai huɗu: Bioko, wanda a da ake kira Fanando Po, da Principe, da Sao Tome, da Annobon. Dukansu aman wuta ne ya gina su daga ƙasan teku. Principe ya fi shekara miliyan 30, kuma wutarsa ta mutu. A Sao Tome akwai wani dutse siriri mai suna Pico Cao Grande, tsaye kamar hasumiya, wanda shi ne narkakken dutsen da ya daskare a maƙogwaron wani tsohon dutse mai aman wuta, bayan gangar jikin ta zaizaye. Tokar waɗannan duwatsu ce ta zama ƙasa mai albarka, har Sao Tome ya shiga sahun gaba a duniya wajen noman koko a farkon ƙarni na 20, kuma dubban 'yan Najeriya suka yi ƙwadago a gonakin koko na Fanando Po. To amma a kan layin nan ɗaya, dutsen Basile na Bioko ya yi aman wuta a 1923, babban Dutsen Kamaru kuma ya yi a 1999 da 2000. Ka ga ke nan, ya ɗan'uwa, ɗaki guda ne ya haɗa gawa da mai barci da mai ido biyu, kuma kallo daga nesa ba ya rarrabe su.

Tsadar rashin rarrabewar ta bayyana a tafkin Nyos da ke arewa maso yammacin Kamaru, kusa da iyakarmu. Tafki ne da ke cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, shiru, gwanin sha'awa, manoma da Fulani makiyaya suna zaune a kwaruruwan da ke ƙasansa. Ashe iskar kabon-dayoksaid na tsatsowa daga ƙarƙashi, tana narkewa a ruwan ƙasan tafkin shekara da shekaru, kamar iskar da ke cikin kwalbar lemo kafin a buɗe. Daren 21 ga Agusta, 1986, ruwan ya motsa, iskar ta ɓalle gaba ɗaya. Da yake ta fi iskar shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari ta lulluɓe ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum fiye da 1,700 suka rasu, da dabbobi kimanin 3,500, ba wuta ba ambaliya. Abin da ya fi ciwo shi ne an riga an yi gargaɗi, domin a watan Agustan 1984 irin wannan iska ta kashe mutum 37 a tafkin Monoun, a ƙasar ta Kamaru. Bayan aukuwar ta Nyos jita-jita ta yi yawa, wasu suka ce fushin iskokai ne, wasu suka ce gwajin bam ne na Turawa. Waɗanda suka saukar da na'ura cikin ruwan suka auna su ne suka gano dalilin, kuma a 2001 aka kafa bututun farko mai fitar da iskar a hankali, aka ƙara wasu a 2011.

Kada mai karatu ya ce wannan matsalar maƙwabta ce. Gaɓar da ta tare ruwan Nyos ta tarkacen aman wuta ce mai rauni, kuma idan ta karye ruwan zai biyo kogin Katsina-Ala ya shigo Taraba da Binuwai. Tsoron haka na daga cikin manyan dalilan gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Yanzu mu dubi kanmu. Ƙasa ta motsa a Kwoi da ke kudancin jihar nan a watan Satumba na 2016, ta kuma motsa a Mpape ta Abuja a watan Satumba na 2018. Duk lokacin da irin wannan ta faru, ɗabi'u biyu nake gani a wurinmu mu masu riƙe da waya. Ta farko ita ce tura saƙon firgici ba tare da bincike ba, a ce dutse kaza zai fashe gobe. Ta biyu, wadda ta fi muni, ita ce yanke hukunci cewa azaba ce ta sauka a kan mutanen wurin saboda zunubinsu. Wane ne ya ba mu wannan sani? Musifa kan zama jarrabawa, kan zama tunatarwa, kuma ba ta duba addinin mai gida kafin ta tsaga bangonsa. A gari irin Kaduna, inda kogi ya riga ya raba mu zama, irin wannan magana ƙarin itace ce a wutar da muke roƙon Allah Ya kashe.

Magabatanmu ba haka suka yi ba. Duk wanda ya ziyarci Madina ya ga baƙaƙen duwatsun da ke gabas da yamma da birnin, waɗanda Larabawa ke kira harra. Daskararren aman wuta ne. A shekara ta 654 bayan Hijira, daidai da 1256, ƙasa ta yi ta girgiza kwanaki, sannan wuta ta ɓarke kudu maso gabashin birnin. Ta yi kimanin kwana 52, narkakken dutse ya malala kusan kilomita 23, ya tsaya 'yan kilomitoci kafin gari. Mutanen Madina sun taru a Masallacin Annabi (SAW) suna tuba, malamai kuma sun danganta abin da wani hadisi da ya yi bushara da fitowar wuta a Hijaz. Duk da haka sun rubuta ranar da ta fara, da inda ta bi, da yadda ta ƙare. Abu Shama a Dimashƙa ya adana wasiƙun da aka aiko daga Madina, Samhudi kuma ya tattara ruwayoyin daga baya, kuma masana na yau suna amfani da bayanan nan wajen auna haɗarin da ke fuskantar birnin. A 2009, da ƙasa ta yi ta girgiza a yankin Al-Ays da ke arewa maso yammacin Madina, na'urori suka nuna narkakken dutse na tasowa, hukumomin Saudiyya suka kwashe dubban mutane. Tuba da aune-aune sun tafi tare, babu wanda ya hana wani.

Na san wani zai ce wannan lissafi na miliyoyin shekaru ilimin Nasara ne, ƙila ma ya ci karo da aƙida. Amsata ita ce, Alƙur'ani bai ƙayyade wa duniya adadin shekaru ba, hasali ma ya yi umarni da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda halitta ta fara. Ibn Sina ya yi rubutu kan yadda duwatsu ke samuwa, Biruni kuma ya dubi tsakuwar kogunan Indiya ya fahimci cewa filin ya taɓa zama teku. Lissafin shekarun ma ba duba ba ne. Wani nau'in sinadarin fotasiyam da ke cikin dutse yana rikiɗa zuwa iskar agon a bisa ƙa'idar da ba ta sauri ba ta jinkiri, to da auna yawan kowannensu ake sanin lokacin da dutsen ya daskare. Wanda Ya halicci dutsen Shi Ya sanya masa wannan agogo.

Saboda haka kirana ga ƙannena masu shirin shiga jami'a shi ne, kada kowa ya ɗauka daga likita sai lauya. Akwai sashen ilimin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Jos. Hukumar Binciken Ƙasa da Ma'adinai ta Najeriya, wadda asalinta ya koma 1919, tana da ɗakunan gwaje-gwaje a nan Kaduna, cibiyar da ke lura da motsin ƙasa kuma tana Toro ta jihar Bauchi. Ilimin da rayukan jama'a suka dogara a kansa, idan kowa ya bar shi, laifin ya hau kan kowa; wannan shi ne abin da malamai ke kira farilla ta kifaya. Wanda kuma ba zai karanci fannin ba, aƙalla ya riƙe yatsansa daga tura abin da bai tabbatar ba, ya riƙe harshensa daga yanke wa waɗanda musifa ta shafa hukunci.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a Nyos, Ya kare ƙasarmu da maƙwabtanmu daga bala'in sama da na ƙasa, Ya ba mu ilimi mai amfani. Allah ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum.