Kifin Roban Da Kake Gani A TikTok: Zai Yi Aiki A Ruwan Baturiya Kuwa?

Yau ba maganar caji ko fasasshen sikirin za mu yi ba, amma dai daga waya maganar ta taso.

Idan ka taɓa tsayawa ka kalli bidiyon kamun kifi ko sau ɗaya a TikTok ko Facebook, ka san abin da ke biyo baya. Kwana biyu sai wayarka ta cika da Turawa a kwalekwale mai inji, suna wurga wata roba mai laushi mai kama da tana ko ɗan kifi, kafin ka ƙifta ido an fizgo ƙato. Daga nan sai talla ta biyo: roba ɗari a akwati ɗaya, an yi ragi, yau kaɗai. Mu masu gyaran waya a Haɗejiya mu ake kawo wa wayar a ce mu taya yin oda a AliExpress ko Jumia, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi ra'ayina a fili.

Ra'ayina shi ne: robar tana kama kifi, amma wancan akwatin kada ka saya. Abin ɗauka a bidiyon shi ne yadda ake ɗaura ƙugiya, kuma wannan kyauta ne.

Mu fara da kifin kansa. Wanda kake gani a hannunsu sunansa bas, ɗan asalin Amurka ta Arewa ne. An kai shi wasu ƙasashe kamar Afirka ta Kudu da Kenya, amma ba kifin kogin Haɗejiya ba ne. Mafarauci ne, yana laɓewa a gindin ciyawa ko itace, da ya ga motsi sai ya kai hari ya haɗiye. Saboda wannan halin nasa aka ƙera robar. Wani Ba'amurke mai suna Nick Creme ne ya fara ƙera irin wannan tanar roba a jihar Ohayo a 1949, daga baya ya koma Teksas da sana'ar. Wato an yi fiye da shekara saba'in ana gyara abin don ya dace da kifinsu da ruwansu. Ba a yi shawara da tarwaɗar Baturiya ba.

To duba abin da ke cika kasuwar kifi ta Haɗejiya. Tarwaɗa da ƙurungu da hancinsu da gashin bakinsu suke kiwo, a ƙasan ruwa, yawanci da dare. Wari suke bi. Takan faru tarwaɗa ta kai wa roba hari, amma idan ka ajiye mata roba da hanjin kaza, ka san wanda za ta zaɓa. Karfasa kuma bakinta ƙarami ne, gansakuka da ƙananan ƙwari take tsinta, robar da ta kai tsawon yatsa ba ta gabanta. Idan su kake nema, tana da gara sun fi duk abin da za a aiko maka daga Chana.

Masu cin roba su ne masu farautar 'yan'uwansu kifaye. Akwai tsage, akwai tufi, akwai giwan ruwa. Giwan ruwa zurfi yake so, kada ka sa rai da shi a fadamar da ruwa bai wuce gwiwa ba. Tsage yana da zafin nama, amma haƙoransa kamar reza suke, zai yanke zare ya yayyaga roba, dole ka sa siririyar waya kamar taki ɗaya tsakanin zare da ƙugiya. Wanda halinsa ya fi kama da na bas shi ne tufi, domin shi ma ɗan kwanton ɓauna ne a cikin ciyawa.

Ciyawar nan ita ce ta sa na ce akwai abin koyo. Duk wanda ya san wannan yanki ya san kachala. Tun bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992 tafiyar ruwan ta canza, kachala ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa daga Haɗejiya har Nguru. Jefa fatsa ta gargajiya a bakin kachala, sau uku ka jefa sau biyu ƙugiya ta maƙale. Kifi kuwa a can yake. Su Amurkawa sun yi fama da irin wannan matsala, suka fito da wani ɗauri da ake kira ɗaurin Teksas, wanda yake ɓoye tsinin ƙugiya a jikin robar.

Ga yadda ake yi, bi a hankali. Ka fara zura zare ta cikin ƙaramin nauyi mai siffar harsashi, tsininsa yana kallon sama, wajen sandarka. Giram 3 zuwa 7 ya isa a ruwa mara zurfi. Sai ka ɗaura ƙugiya, irin mai ɗan lanƙwasa a wuya kusa da ido. Ka soka tsininta a kan robar, ya shiga kamar rabin santimita, ka fito da shi ta gefe. Ja robar sama har kanta ya hau wancan lanƙwasa ya zauna a ƙarƙashin ido. Yanzu juya ƙugiyar ta fuskanci jikin robar, ka gwada inda tsini zai faɗa, ka soka a nan ya ratsa, sannan ka ɗan cusa bakin tsinin ƙarƙashin fatar robar. Shafa da yatsa. Idan bai soke ka ba, ba zai kama ciyawa ba.

Sai ka ɗaga ka duba: dole robar ta miƙe sambal. Idan ta karkace, za ta riƙa juyawa a ruwa tana murɗe maka zare, kifi ma ba zai kula ta ba. Cire ka sake, ba komai.

Wajen jefawa kuma, mutanenmu sun saba a jefa fatsa a zauna a jira. Roba ba ta son haka, don ba ta da rai, kai ne ranta. Jefa kusa da bakin kachala, bar ta ta nutse, ɗaga sanda kaɗan, sake ta ta koma ƙasa, tattara zaren da ya saki. Sau da yawa lokacin da take nutsewa ake cafke ta. Da ka ji nauyi ko ka ga zare yana tafiya gefe, fizga da ƙarfi, domin sai tsinin ya huda roba kafin ya huda baki. Sassafe da gab da magariba sun fi. Lokacin ambaliya, wajen Agusta da Satumba, ruwa ya yi ja, kifi ba ya gani sosai, sai ka nemi baƙar roba ko mai faffaɗar wutsiya da ke kaɗawa. Idan ruwa ya janye ya kwanta, mai launin ɗan kifi ta fi.

Ka ga ke nan kala biyu ko uku kake buƙata, da ƙugiya kamar biyar masu lamba 2/0 ko 3/0. Wancan akwatin kuwa yawanci tarkace ne, rabinsu ƙanana kamar ƙwayar wake. Hoto yana ruɗi. Kafin ka danna biya, karanta tsawon: santimita 8 zuwa 12 kake nema, idan da inci aka rubuta, inci ɗaya santimita 2.54 ne. Gangara ƙasa ka kalli hotunan da masu saye suka ɗora, ba na mai sayarwa ba. Don koyon ɗaurin, rubuta Texas rig a YouTube, zaɓi gajeren bidiyo, sauke shi inda sabis ke da ƙarfi, rage gudunsa zuwa 0.5 ka bi hannun mutumin. Ba sai ka ji Turancin ba.

Wani zai ce ai wannan wasan masu kuɗi ne. Yana da gaskiya rabi. Baturen da ke bidiyon yakan kama kifin, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Masuncin da ke ciyar da gida da kalli da mamari mai ƙugiya ɗaruruwa ba zai bar su ya tsaya yana kaɗa roba ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce masa ya yi haka cutarsa zai yi. Amma kai ɗalibi ko ɗan kasuwa da ke fita ranar hutu, ka samu hanyar kai ƙugiya inda raga ba ta shiga, ba ka kuma yini tonon tana ba.

Sai dai fa Baturiya ba kududdufin bayan gari ba ce. Tana cikin ƙaramar hukumar Kiri Kasamma, tun 2008 take cikin jerin dausayin duniya na yarjejeniyar Ramsar, tsuntsaye daga Turai suke zuwa cin rani a nan. Akwai ɓangaren da aka keɓe, akwai masu gadi, kowane ruwa kuma da masu shi. Gaida sarkin ruwa ka tambaya kafin ka jefa komai. Robar da ta yage kada ka wurga ta ruwa, ba ta ruɓewa, kifi kan haɗiye ta ta tsaya masa a ciki. Dalma ma guba ce ga tsuntsun da ya tsince ta, har Ingila ta hana ƙananan dalmar fatsa a 1987 saboda mutuwar tsuntsayen ruwa. Ƙaramin noti daga wajen mai gyaran babur zai yi maka aikin nauyi, sai dai ya fi ɗan kama ciyawa.

Yanzu ɓangaren da ya shafi sana'ata. Robar nan tana da wani mai a jikinta da ke cin wasu robobi masu tauri, zafin Haɗejiya kuma yana ƙara masa ƙarfi. Kada ka zuba ta a aljihu ɗaya da waya, za ka iske ta manne da murfi ta bar tabo. Bar ta a ledar da ta zo da ita, a inuwa, kada ka cakuɗa na kamfani daban-daban don wasu suna narkar da juna. Wadda ta tsage a kai ana iya haɗe ta da ɗigon sufa gulu.

Ita kuma wayar, saka ta a leda mai zif ka rataya a wuya kafin ka shiga kwalekwale. Idan ta faɗa ruwa, kashe ta nan take, kada ka gwada kunnawa, kada ka sa caji, shinkafa kuma ba ta fitar da laka daga cikin waya. Kai ta wajen mai gyara a ranar a buɗe a wanke, kafin tsatsa ta kama.