Hannu Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Jinka

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, idan na je hutu Sunke, sola ce ke ba mu wuta. Amma da hunturu ya kama, sai ƙura ta rufe farantan, batir ya mutu kafin isha'i, karatun jarrabawa ya tsaya.

A ganina, iskar da ke kawo ƙurar nan ita ce magani, domin takan kaɗa har da dare. A kafa ƙaramar farfela bisa dogon ƙarfe, ta riƙa taya farantan cika batir. Ai an taɓa kafa injin iska mai kilowat 5 a Sayya Gidan Gada, Jihar Sakkwato.

Sai dai a auna ƙarfin iskar garinmu tukuna, kada kuɗin iyayenmu su salwanta. Allah ya sa mu dace.