Wa Ake Auna wa Ruwan Sama?

Duk wanda ya taɓa ziyartar tashar nazarin yanayi, kamar wadda ke filin jirgin saman Kano, zai ga wani farin akwati mai ƙofofin iska a kan ƙafafu. A cikinsa ake ajiye ma'aunin zafi da na laimar iska, don kada rana ta buge su kai tsaye. Kusa da shi akwai ma'aunin ruwan sama, watau gwangwani mai mazurari a baki, sai kuma wata na'ura mai kofuna da ke juyawa gwargwadon ƙarfin iska. A manyan tashoshi, ma'aikaci kan karanta waɗannan na'urori bayan kowace awa uku, dare da rana. Wasu tashoshin kan saki balan-balan ɗauke da na'ura zuwa sararin sama. Tun 1977 kuma taurarin ɗan Adam na Meteosat ke aiko da hotunan gajimaren da ke bisa Afirka. Ƙasashe na musayar wannan bayani ta hannun Ƙungiyar Nazarin Yanayi ta Duniya da ke Janeba, domin hadarin da ya haɗu yau a Chadi yana iya sauka gobe a Katsina.

Wannan aiki abin yabo ne. Sai dai tambayar ita ce: ina bayanin ke zuwa? Matuƙin jirgi yana samun nasa kafin ya tashi. Manomin gero kuwa, wanda abincin shekararsa ya rataya a kan ranar shuka, shi ne na ƙarshen ji.

Ga dalilin da ya sa abin ke da nauyi. Ƙwayar gero da ta sha ruwan farko takan tsiro cikin 'yan kwanaki, kuma da zarar ta tsiro ba ta iya komawa barci. In ruwa ya ɗauke na mako biyu, shukar ta ƙone, iri ya tafi. Shi ya sa masu bincike a yankin Sahel ba sa kiran kowane yayyafi farkon damina. Ma'aunin da da yawansu ke bi shi ne a sami milimita 20 cikin kwana uku, ba tare da fari na fiye da kwana bakwai ya biyo baya cikin wata guda ba. Milimita ɗaya kuwa daidai take da lita ɗaya a kan kowace murabba'in mita.

Hukumar NiMet, wadda aka kafa a 2003, tana fitar da hasashen damina kowace shekara kafin ruwa ya sauka. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, da aka kafa a 1974 sakamakon babban farin Sahel, ita ma tana yin makamancin haka. Amma takarda mai taswira da lissafi, ko an fassara ta, ba ta isa ƙauye da ƙafarta. Mali ta gane haka tun 1982: aka raba wa manoma ma'aunin ruwa, aka koya musu karanta shi, rediyo kuma ya riƙa ba su shawara bayan kowane kwana goma.

A nan ne makarantun sakandare ke da rawar takawa. Ruwan damina na yin tsalle, ya jiƙa wannan gari ya bar maƙwabcinsa, tashoshin hukuma kuwa sun yi nisa da juna ƙwarai. Ma'aunin ruwa ba ya buƙatar lantarki ko kuɗi mai yawa. Abin da yake buƙata shi ne fili nesa da bishiya da rufin ɗaki, da littafi, da ɗalibin da zai duba shi kowace safiya a lokaci guda, har da ranakun hutu, waɗanda abin takaici suka faɗo a tsakiyar damina. Malamin kimiyya da ya warware matsalar hutun nan, ko da da taimakon maigadi ne, bayan shekara goma makarantarsa za ta mallaki tarihin ruwan garinta da ba ya cikin kundin kowa.