RA'AYINMU: Labarin Kisa a Waya Ba Kotu Ba Ne



Babu labarin da ke saurin zagaye gari kamar labarin kisan kai. Da safe a ji shi a rediyo, kafin azahar ya cika Facebook da TikTok, da yamma kuma an riga an yanke hukunci a majalisar mai shayi: "A rataye shi kawai!" A wannan fitowa ta mujallar bango, mu 'yan ƙungiyar jarida muna so mu ce wani abu game da irin waɗannan labarai, da kuma muhawarar da suke tayarwa kan hukuncin kisa. Matsayinmu shi ne: rai ya fi ƙarfin a yanke masa hukunci da labarin minti biyu, ko da kuwa ran wanda ake zargi ne.

Ba mu raina zafin da mutane ke ji ba. Wa zai manta da Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar da aka sace a Kano a watan Disamba na 2021? Da gaskiya ta bayyana a watan Janairu na 2022, sai ga shi mai makarantar da take zuwa ne ya sace ta don neman kuɗin fansa, ya kashe ta. Mutumin da iyaye suka ba amanar 'yarsu shi ya ci amanar. A watan Yuli na 2022 Babbar Kotun Jihar Kano ta yanke masa hukuncin kisa ta hanyar rataya, shi da wani da ya taimaka masa. Duk ɗalibin da ya ji wannan labari ya ji kamar ƙanwarsa aka taɓa. Wanda ya ce irin wannan mutum ya cancanci mutuwa bai faɗi abin mamaki ba.

Masu goyon bayan hukuncin kisa suna da hujjoji da ba a turewa da ƙafa. Suna cewa wanda ya ɗauki rai da gangan ya sayar da nasa, kuma iyalan mamaci suna da haƙƙin ganin adalci. Suna cewa gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. Doka ma tana tare da su. Sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare ran kowane ɗan ƙasa, amma ya keɓe hukuncin da kotu ta yanke bayan ta sami mutum da laifi. A shari'ar Musulunci kuma akwai ƙisasi, kodayake an bai wa magada damar su karɓi diyya ko su yafe, kuma an tsananta sharuɗɗan shaida ƙwarai.

To, amma a lura da abin da ya faru a shari'ar Hanifa. An kama waɗanda ake zargi, an kai su gaban alƙali, an kawo shaidu, an ba su lauya, an ɗauki watanni ana sauraro. Labarin waya ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana ba mu hoton fuska ɗaya, da muryar mai kuka, da kiɗa mai tayar da hankali a ƙasa. Ba ya gaya mana yadda aka sami amsa laifin, ko da duka ne ko da son rai. Ba ya gaya mana ko wanda aka ɗora a gaban kyamara ya taɓa ganin lauya. Mai yaɗa labarin masu kallo yake nema, kuma ya san jini ya fi shakka kasuwa.

Ita kanta kotu, da duk taka-tsantsan ɗinta, tana kuskure. A Ingila an rataye wani direba mai suna Timothy Evans a 1950 bisa zargin kashe 'yarsa. Babban mai shaida a kansa shi ne maƙwabcinsa John Christie, wanda suke gida ɗaya. A 1953 aka gano gawarwakin mata a ɓoye a wannan gida, aka gane Christie ne makashin. An wanke sunan Evans a 1966, shekara 16 bayan an binne shi. Wannan shari'a na cikin abubuwan da suka sa Birtaniya ta dakatar da rataya kan laifin kisan kai a 1965.

Kada wani ya ce wannan labarin Turawa ne. A Jihar Oyo, an yanke wa wani mutum mai suna Nasiru Bello hukuncin kisa bisa laifin fashi da makami. Ya ɗaukaka ƙara, kamar yadda doka ta ba shi dama. Tun ba a saurari ƙarar ba, aka kashe shi a 1981. A 1986 Kotun Ƙoli ta ce wannan kisa ya saɓa wa doka, ta ba da umarni a biya iyalansa diyya. Kuɗi sun fito, amma mutumin bai dawo ba. Wanda aka ɗaure bisa kuskure ana iya buɗe masa ƙofa a ba shi haƙuri. Wanda aka rataye fa, wa za a bai wa haƙurin?

Batun cewa kisa na tsorata masu laifi ma yana bukatar a duba shi da idon basira. A zamanin mulkin soja, bayan yaƙin basasa, an riƙa ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna ana harbe su a bainar jama'a. Dubban mutane sun taru a bakin teku na Bar Beach a Legas a 1971 don kallon harbin Ishola Oyenusi. Duk da haka, a 1986 Lawrence Anini ya addabi birnin Benin, har ta bayyana cewa da wani jami'in ɗan sanda a cikin masu taimaka masa. Shi ma an harbe shi a 1987, kuma fashi bai ƙare ba. Abin da muka fahimta shi ne, mai laifi ba ya tsoron igiyar da yake ganin ba za ta kai wuyansa ba. Abin da ke razana shi shi ne tabbacin za a kama shi, kuma ba wanda zai sake shi don kuɗi ko sanayya.

Yau halin da ake ciki ba ya gamsar da kowane ɓangare. Fursunoni fiye da 3,000 ne ke jiran hukuncin kisa a gidajen gyaran hali na Najeriya. Sai gwamna ya sa hannu kafin a zartar, kuma yawancin gwamnoni ba sa sawa. Ga mai laifi yana zaune shekara da shekaru tsakanin rai da mutuwa, ga iyalan mamaci suna jiran abin da ba ya zuwa. Maƙwabta sun ɗauki hanyoyinsu. Chadi ta soke hukuncin kisa baki ɗaya a 2020, Majalisar Ghana ta cire shi daga manyan laifuka na yau da kullum a 2023, ita kuwa Nijar tana da shi a doka amma rabon da ta zartar tun 1976.

Mafi muni shi ne abin da ke faruwa idan jama'a suka gaji da jiran kotu, suka ɗauki labari a matsayin hujja. A watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, an kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu ta komawa gida Kano, saboda an ce masu garkuwa da mutane ne. Babu alƙali, babu shaida, babu tambaya. Duk mun ji zafin wannan. To, kalmar "an ce" da ta kashe su, ita ce dai muke turawa a wayoyinmu idan wanda ake zargi ba namu ba ne.

Saboda haka ba mu zo da kiran a soke hukuncin kisa gobe ba, ba mu kuma shiga sahun masu tafi idan an ambace shi. Abin da muke cewa shi ne, ƙasar da ta riƙe ikon ɗaukar rai dole ta cika sharuɗɗansa. Kowane wanda ake tuhuma ya sami lauya na gaske, ko da ba shi da ko sisi. A daina karɓar amsa laifin da aka samu ta hanyar azabtarwa. Kada a taɓa kowa sai ya gama ɗaukaka ƙara har matakin ƙarshe. Inda shakka ta rage, a sassauta zuwa ɗaurin rai da rai. Inda waɗannan ba su cika ba, kisa ya zama caca da ran talaka, domin mai kuɗi ba ya rasa mai kare shi.

Mu ma ɗalibai muna da namu aikin. Kada mu tura hoton gawa, domin mamacin yana da uwa. Mu bambanta "wanda ake zargi" da "wanda kotu ta sama da laifi" a bakinmu da alƙalaminmu. Idan labari ya zo, mu tambaya: wa ya faɗa, wa ya gani, me kotu ta ce? Muna kuma roƙon malamanmu na darasin Gwamnati da na Addini su ware mana lokaci a tattauna wannan batu a aji, kuma ƙungiyar muhawara ta ɗauke shi a zangon nan. Cikinmu akwai alƙalan gobe, da lauyoyi, da 'yan sanda, wataƙila har da gwamnan da takardar za ta iso teburinsa.

Wanda bai yarda da mu ba, ya rubuto nasa ra'ayin ya miƙa wa editan ƙungiya. Za mu liƙa shi a wannan allo a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.

Kwamitin Editoci, Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta