Daga Gaban Allo: Idan Aji Duka Ya Faɗi Tambaya Ɗaya

Na yi niyyar in ci gaba da maganar tarbiyyar yara da muka faro, amma wani abu ya faru a ɗakina wanda ya sa na ajiye waccan sai wani jiƙon.

Ranar wata Alhamis bayan sallar isha'i, wani maƙwabcina mai sayar da goro a nan zangonmu na Kumasi ya yi mini sallama tare da 'yarsa, wadda na taɓa koyarwa a aji. Yarinyar ta ci jarrabawarta da kyau, tana neman shiga wata kwaleji wadda ba zan ambaci sunanta ba, kuma washegari Juma'a za a rufe karɓar fom. Fom ɗin kuwa a shafin intanet na kwalejin ake cika shi, kuma sun riga sun biya kuɗinsa ta waya. Uban ya ce, "Malam, a taimaka mana, kwana uku ke nan yarinyar nan tana fama, abin ya ƙi." Na ce, "Alhaji, bismilla ku zauna, ai wannan aikin minti goma ne." To, sai da ƙarfe goma sha biyu na dare ta gota muna zaune.

Da farko shafin ya ƙi buɗewa da sauri, domin an jera manya-manyan hotuna a samansa suna juyawa: ga shugaban kwaleji yana gaisawa da baƙi, ga shi yana yanka kirtani, ga sabon gini. Da ya buɗe muka yi ta laluben inda aka ce a nemi shiga, ashe an ɓoye shi ƙarƙashin wani ɗan rubutu mai launin toka wanda sai da na sa tabarau na gan shi. Muka cika gurabe sun fi talatin, muka danna maɓallin aikawa, sai ga jan rubutu da Turanci wai an sami kuskure. Wane kuskure? A wane gurbi? Shiru. Bugu da ƙari duk abin da muka rubuta ya goge. Sau uku muna sake cikawa kafin na gane cewa ɗan waƙafin sama da ke cikin sunan yarinyar, irin na Sa'adatu ko Rabi'u ko Shu'aibu, shi ne shafin ba ya so. Ita kuwa tana gefe tana cewa, "Malam, ko dai ni ce ban iya ba?"

Wannan tambaya tata ita ta tsaya mini a rai, domin ta tuna mini da abin da aka koya mana a kwalejin horon malamai game da shirya jarrabawa. An ce mana idan ɗalibi ɗaya ya faɗi tambaya, a duba ɗalibin. Idan kuwa aji duka ya faɗi tambaya ɗaya, har da masu ƙoƙarin cikinsu, to malam ya koma ya duba tambayarsa, watakila ta yi harshen damo, ko bai faɗi abin da yake nema ba. Shafin intanet ma haka yake. Amma mu nan idan abu ya gagare mu a waya sai mu ɗora wa kanmu laifi, mu ce ai mu ba 'yan zamani ba ne, mu ɗauki kuɗi mu kai wa yaron shagon kwamfuta ya cika mana. Wanda ya gina shafin ba ya ma jin labari.

Abin ba sabo ba ne. Shafin intanet na farko a duniya ya fito a 1991, daga hannun Tim Berners-Lee a cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba, kuma rubutu ne tsura babu hoto. Shekara biyar kacal bayan haka, a 1996, wani masani ɗan asalin ƙasar Denmak mai suna Jakob Nielsen ya riga ya jera manyan kurakurai goma da masu gina shafuka ke yi. A cikinsu akwai rubutu da hotuna masu motsi ba tsayawa, da jinkirin buɗewa, da rashin nuna wa mutum hanya, da barin tsohon bayani ya rube a shafi. Ku duba ku gani, kusan shekara talatin ke nan, amma duk waɗannan mun ci karo da su a daren nan guda.

A ganina tushen matsalar ɗaya ne. Mai gina shafi yana zaune a ofis gaban babbar kwamfuta, da intanet mai ƙarfi wadda ba daga aljihunsa ake biya ba, kuma wanda yake son ya burge shi ne maigidan da ya ba shi kwangila. Wanda zai yi amfani da shafin kuwa yana riƙe da ƙaramar waya mai tsagaggen gilashi, ya sayi data ta sidi kaɗan, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, caji ya kusa ƙarewa. Waɗannan mutane biyu ba su taɓa haɗuwa ba.

Mu ɗauki maganar nauyi. Wannan rubutu da kuke karantawa gaba ɗayansa bai kai kilobait 15 ba, amma hoto guda da aka ɗauka da wayar zamani yana iya kai megabait 3 ko 4, watau ya ninka shi sau ɗari biyu ko fiye. Idan aka jera irinsa shida a saman shafi ba tare da an rage musu nauyi ba, to talaka ne ke biyan kuɗin kallon maigida yana yanka kirtani. Kamfanin Google ya fitar da wani bincike a 2016 wanda ya nuna kashi 53 cikin ɗari na masu shiga shafi ta waya suna barinsa idan ya wuce daƙiƙa uku bai buɗe ba. Wannan ga mai zaɓi ke nan. Ɗan kasuwa idan shafinsa ya yi nauyi ciniki yake rasawa, saboda haka yakan gyara. Amma makaranta da asibiti da ofishin hukuma sun san ba mu da wani wurin zuwa, shi ya sa nasu ya fi zama a lalace.

Sai maganar fom, wadda ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin a nan ne ake asarar gurbin karatu da aiki da kuɗi. Malami nagari yana rubuta umarni a saman takardar jarrabawa kafin yaro ya fara. Mai gina fom kuwa sai ya yi shiru, ka ɗauki hoton fasfo ka ɗora, ka jira, sa'an nan ya ce maka ya yi girma, alhali da ya faɗi iyakar tun farko da ka huta. Haka lambar sirri: sai ka ƙirƙira ya ƙi, ka sake ya ƙi, daga baya ka gane yana son babban baƙi da lamba. Haka ranar haihuwa. Mu nan rana muke fara rubutawa sa'an nan wata, mutanen Amurka kuwa wata suke farawa da shi, saboda haka 03/04 a wurinmu uku ga Afrilu ne, a wurinsu huɗu ga Maris. Idan an kwafo fom daga can ba a bayyana ba, yaro sai ya wayi gari da ranar haihuwa biyu. Wani kuma sai ya ba ka ɗan kalanda wanda za ka yi ta dannawa baya wata-wata har ka kai shekarar da aka haife ka. Ni da na ba arba'in baya, yatsana ya san wannan wahala.

Sunayenmu kuwa sun sha wuya a hannun waɗannan fom. Ban da waƙafin sama, akwai baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Duk suna cikin ƙa'idar Unicode wadda kwamfutocin duniya ke aiki da ita, don haka idan shafi ya ƙi karɓarsu, ko ya mayar da su alamar tambaya, laifin mai ginin ne da bai shirya musu ba. Sa'an nan ga tilasta wa mutum ya kawo sunan iyali irin na Turawa, alhali yawancinmu sunanmu da na mahaifinmu muke haɗawa. Yau a sa na uba a gaba, gobe a sa shi a baya, ranar da za a gwada takardu biyu sai a ce ba mutum ɗaya ba ne.

Akwai kuma wata jarrabawar da ake yi wa mutum don ya tabbatar shi ba na'ura ba ne, inda za a nuna masa hotuna tara a ce ya zaɓi masu famfon kashe gobara irin na bakin titin Amurka. Alhaji ya leƙa ya ce, "Malam, wannan kuma mene ne, turmi?" Na rasa amsar da zan ba shi.

Kada a ce abin na ƙasashenmu ne kawai. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka, zamanin Shugaba Obama, ta buɗe shafin HealthCare.gov domin jama'a su sayi inshorar lafiya. Miliyoyin mutane suka yi ca a kansa, amma takardun cikin gida da suka fito daga baya sun nuna mutum shida ne kacal suka iya kammala rajista a ranar farko. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne an tilasta wa kowa ya buɗe asusu tukuna kafin ya ga abin da ake sayarwa da farashinsa, sai kowa ya cunkushe a ƙofa ɗaya. Kamar a ce ba za ka shiga kasuwar Kejetia ka tambayi kuɗin atamfa ba sai ka cika takarda a bakin ƙofa. Sai da sakatariyar lafiya ta lokacin, Kathleen Sebelius, ta nemi gafarar jama'a a gaban majalisa a ƙarshen watan, aka kuma shafe makonni ana gyara.

Ingila kuwa ta bi wata hanya da ta burge ni. A 2012 gwamnatinsu ta buɗe shafin GOV.UK, ta fara tattara ayyukanta a wuri ɗaya. Idan ka shiga za ka ce ba a gama shi ba, don baƙin rubutu ne manya a kan farin fili, kusan babu hoto. Fom ɗinsu tambaya ɗaya suke yi maka a kowane shafi, ranar haihuwa kuma gurbi uku ne, rana da wata da shekara, kowanne da sunansa a kai. Idan ka yi kuskure za a nuna maka gurbin, a gaya maka yadda za ka gyara, abin da ka riga ka rubuta yana nan. Wannan shi ne aikin malamin da ya san aji.

Game da launin tokar nan da na ambata, akwai ma doka a kai. Ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta fitar da sharuɗɗa tun 1999 domin masu raunin gani da makafi da sauran masu lalura, ta sabunta su a 2008, inda ta ce hasken rubutu da na bayansa su bambanta da aƙalla 4.5 bisa 1. Ta kuma ce kada a dogara da launi kaɗai wajen isar da saƙo, domin akwai mutanen da ba sa rarrabe ja da kore. Duk malamin da ya taɓa rubutu da guntun alli a kan allon da ya koɗe, yaran baya suna cewa ba sa gani, ya san wannan ba sai an karanta masa ba.

To, ina mafita? Nielsen ɗin nan ya rubuta a shekarar 2000 cewa idan ka sa mutum biyar kawai suka gwada shafinka kana kallo, za ka gano kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolinsa. Ina jan hankalin samarinmu na zango da suka koyi wannan sana'a, waɗanda yanzu suke gina wa makarantun Islamiyya da ƙungiyoyi da 'yan kasuwa shafuka, su riƙe wannan. Kafin ka miƙa aiki, ka nemo mutum biyar waɗanda ba abokan sana'arka ba: mai shayi, da malamar makaranta, da dattijo mai tabarau, da ɗaliba, da direban mota. Ka ce kowa ya yi amfani da wayarsa da datarsa, ka ba shi aiki ɗaya, alal misali ya nemo kuɗin makaranta na zangon karatu mai zuwa ko lambar wayar ofis. Sa'an nan ka kama bakinka. Wannan shi ne mai wuyar, domin hannunka zai yi ta ƙaiƙayi ka nuna masa inda zai danna, kamar yadda namu ke yi idan muna tsaron jarrabawa muka ga yaro zai kauce. Duk inda ka ga mutum uku sun tsaya suna sosa kai, rubuta shi, nan ne aikinka.

Su kuma shugabannin makarantu da ƙungiyoyi masu ba da aikin, don Allah a rage son hoto. Uban da ya shiga shafin makaranta ranar komawa hutu yake nema, da kuɗin da zai biya, da lambar da zai kira a ɗauka. Kuma a sa wani ya riƙa share tsohuwar sanarwa, kada mutum ya tarar da ta shekara uku da suka wuce tana walƙiya wai sabuwa.

Fom ɗin yarinyar dai ya shiga kafin a rufe, alhamdu lillahi, bayan mun cire waƙafin daga sunanta. Sai dai yanzu sunan da ke fom ya saɓa da wanda ke takardar shaidar jarrabawarta da ɗigo ɗaya, kuma Alhaji ya ce ranar Litinin zai rufe teburin goronsa ya tafi kwalejin da kansa ya yi bayani, kada a zo ranar tantancewa a ce ba ita ba ce. Na rubuta masa 'yar wasiƙa ya tafi da ita, na kuma lissafa musu gurabe huɗu da ya kamata su gyara, ko Allah zai sa ta kai hannun wanda ya gina shafin.

Sai mun sadu a wata mai zuwa idan Allah ya kai mu, inda za mu koma kan maganarmu ta tarbiyya. Wassalam.